Bridge na KVM ya ƙi hawa kan wifi, ina mafita?

ɗan_tasha:
Salamu alaikum jama'a, don Allah a taimaka, tun jiya nake fama. Ubuntu ce a laftof ɗina, na ɗora Debian a KVM (wato VM, kamar wata kwamfuta ce a cikin laftof ɗin) ina so ta samu IP nata, wato adireshinta na netwok, daga rauta don in riƙa shigarta daga waya. Na haɗa br0 (bridge ɗin da zai haɗa Debian da rauta kai tsaye) lafiya lau amma da na zo saka wlan0 (katin wifi na laftof) a cikinsa sai ya ce min Operation not supported. Abin haushin ma da ina Windows VirtualBox (shi ma manhajar VM ce) yana yin bridge a wifi ɗin nan dai. MiFi gare ni, babu inda zan soka kebul.

baban_linux:
Wa alaikumus salam. Ba laifinka ba ne ɗan'uwa, haka wifi yake. Tsakanin laftof da rauta adireshi 3 kawai kowane saƙo ke ɗauka, rautar kuma MAC ɗin (lambar shaidar katin netwok) da ya yi rajista da ita kaɗai ta sani, to Debian ɗinka na turo saƙo da nata MAC ɗin za ta watsar da shi kamar baƙon da bai yi sallama ba, shi ya sa kernel (zuciyar Linux) ma ya hana ka tun farko. Akwai
iw dev wlan0 set 4addr on
mai sa saƙo ya ɗauki adireshi 4, amma sai ita ma rautar ta iya wannan tsarin, wato WDS, irin masu manhajar OpenWrt. A MiFi kar ka sa rai, ƙila ma intanet ɗin ya ɗauke maka gaba ɗaya.

hajiya_root:
VirtualBox wayo yake yi malam, yana cire MAC na VM ya liƙa na laftof kafin saƙon ya fita. Kusan irin wannan za ka iya da proxy ARP (laftof ke amsa wa rauta a madadin VM), ka saka manhajojin parprouted da dhcp-helper, ka kunna ip_forward don laftof ɗin ke miƙa saƙonni. Yana yi kam, amma akwai ciwon kai in kana yawan sauya wifi.

baban_linux:
Wai tsaya, SSH (shiga kwamfuta daga nesa ka ba ta umarni) kawai kake so? In haka ne bar Debian a NAT (ta ɓuya bayan IP na laftof) na libvirt, manhajar da ke kula da KVM, netwok ɗinsa virbr0 zai ba ta IP 192.168.122 da wani abu, ka shiga laftof daga waya sannan ka tsallaka cikinta.

ɗan_tasha:
Wallahi SSH ɗin ne kawai 😂 na gwada yanzu ya shiga. Hajiya parprouted sai ranar Asabar in akwai wuta. Na gode, Allah ya saka da alheri.