Shekara huɗu ina rubuta labarin aljanin duwatsun Birni, ina neman shawara

Marubuciya daga Birni:
Assalamu alaikum. Ina rubuta littafin almara domin yara 'yan shekara tara zuwa goma sha biyu, kuma asalinsa tatsuniyar da kakata ta riƙa yi mana da dare a tsakar gida, game da wani aljani da ke zaune cikin manyan duwatsun nan na Birni, tsohuwar unguwar garin Zinder (Damagaram). Na mayar da labarin zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, lokacin da ayarin raƙuma ke sauka a Zango, inda wata yarinya 'yar majemi ta bi akuyarta cikin tsagar dutse ta tarar da wani gari. Damuwata ita ce, tatsuniya kafin wuta ta mutu an kai "ƙurunƙus", amma littafi yana buƙatar babi ashirin, kuma duk lokacin da na tsawaita shi sai in ji armashin ya tafi. Na sake babi na bakwai har sau shida. Yaya zan yi?

Malamin makarantar boko:
Wa alaikumus salam, Malama. A ganina tsawon ba shi ne matsalar ba. A tatsuniya Gizo ba ya sauya hali, yadda ya shiga da wayonsa haka yake fita, alhali yaron da zai bi littafi har ƙarshe yana so ya ga yarinyar ta rasa wani abu, ta ji tsoro, sannan ta koma gida da halin da ba ta fita da shi ba. Ki kuma kafa wa garin aljanun dokokinsa, misali wanda ya ci abincinsu ya manta sunan mahaifiyarsa, kada ki karya dokar ko sau ɗaya, domin yara ba sa yafe wannan. Ki tara yara biyar ki karanta musu da baki. Inda suka fara mutsu-mutsu, nan ne gyaran yake.

Hajiya daga Mirriya:
'Yata, Allah ya yi albarka. Abin da zan roƙe ki shi ne ki kula da yadda za ki nuna aljanin, saboda iyaye da yawa za su ajiye littafin idan suka ga yarinyar tana roƙonsa biyan buƙata. Ki bar shi ya zama maƙwabci mai wuyar sha'ani, ita kuwa ta kuɓuta da hankalinta da addu'arta. Kuma kada ki cire waƙoƙin kakarki, mu da su muka riƙe tatsuniyoyi har muka tsufa.

Marubuciya daga Birni:
Na gode, Malam. Hajiya, amin, kin taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi, domin waƙar da akuyar ke amsawa ce na cire daga babi na bakwai, ina ganin ta yi yarinta. Zan mayar da ita daren nan, ranar Juma'a kuma in karanta wa 'ya'yan yayata bayan la'asar.