Neman kalma: me za mu kira vetch da Hausa?

Jama'a, a zauren nan ana ta kawo shawarwarin sunan Hausa, ina son mu tsayar da magana kan shukar nan da Turawan Ingila ke kira vetch, ƴan uwanmu na Nijar kuma suna ganinta a takardun Faransanci da sunan vesce. Sunanta na kimiyya Vicia, kuma ba baƙuwa ba ce can can, don ful ɗin da Hausawan Sudan ke karyawa da shi kullum ɗan gidan ne, Vicia faba. Yawancin sauran dangin dai yaɗo suke yi, ganye ƙanana a jere, a ƙarshen kowane ganye akwai wani siririn zare da take naɗe duk abin da ta samu ta hau, furen kuma yawanci shuɗi ne mai ratsin ja, a wasu yana fitowa a jere a gefe ɗaya, ƙudan zuma na sonsa sosai.

Malam da ka ce mu ce "beci" kawai mu huta, na ji, haka muka yi da tumatir da karas. Amma su waɗannan an gansu a kasuwa an taɓa an ci kafin sunan ya zauna. Wanda bai taɓa ganin shukar ba in ka ce masa beci me ka faɗa masa? Ba komai.

Mutane da yawa sun kawo "waken sanyi" da "waken ado". Gaskiya dangin wake ce, kwanso take yi, a saiwarta ma akwai ƴan ƙulle-ƙullen nan irin na gyaɗa da ke jawo sinadarin naitirojin daga iska su zuba wa ƙasa, shi ya sa ba ta buƙatar yuriya. Amma ni wallahi tsoron kalmar wake nake yi a nan, don Bahaushe in ya ji wake tukunya yake tunawa, kuma ban da irin su ful, ƙwayar da yawa cikin dangin nan tana da guba, tana cutar da kaji da dawakai, mutum ma ba abincinsa ba ne. Suna ne da zai shiga gidan da akwai yara, bai kamata ya ce musu ku ci ba.

Shi ya sa nake kan "harawar sanyi". Harawa kowa ya san ta dabbobi ce, kuma aikin da take yi kenan a inda ake nomanta, a tsaunukan Habasha ana haɗa ta da hatsin ots a yanka wa shanu. Sanyi kuma shi ne rabin kula da ita. A Amurka bayan an gama girbi ake shuka wani irinta mai gashi-gashi a jiki, Vicia villosa, ta kwana ƙarƙashin ƙanƙara, da ɗumi ya shigo ta tashi ta yi fure, sai a yanke ta a shimfiɗe a dasa tumatir a ciki. Zafi kashe ta yake yi, don haka mai son gwadawa a wajenmu sai ya nemi hunturu da ban ruwa, ko wuri irin Jos da Mambila.

Hajiya, na ga ƙorafinki cewa harawa busasshen abu ne kuma ke don fure kike shukawa. Kina da gaskiya, sai mu ce "harawar sanyi mai fure" in ana maganar lambun gida. Kulawar ba wahala: wuri mai rana, ƙasar da ruwa ba ya kwanciya, ki binne iri kamar zurfin gaɓar yatsa, ki kafa mata kara ko waya ta hau, ruwa daidai-daidai. Abu ɗaya, ki yanke ta kafin kwanson ya bushe, in ya fashe iri zai watsu kuma baɗi za ki same ta inda ba ki sa ta ba.

Wanda ya turo hoton mai fure ruwan hoda a dunƙule, waccan crown vetch ce, Securigera varia, ba Vicia ba ce, ba ta da zaren hawa, ta ƙarƙashin ƙasa take yaɗuwa. An shuka ta a gefen titunan Amurka don hana zaizaya, yanzu ta zame musu matsala a jihohi da dama. Kar mu haɗa su suna ɗaya, ita sai mun buɗe mata tata maganar.

Ƴan Maraɗi da Damagaram, ya kuka ji harawar sanyi a kunnenku?