Musayar waƙa: tsohon da aka sa ya ƙaryata idonsa

Mai Alƙalami:
Salam jama'a, jiya aka ɗauke wuta na fito tsakar gida na ga Zara dab da wata sai labarin Galileo masanin taurari ya faɗo min, wallahi abin na ci min rai shi ne na ce bari in buɗe, mai amsa ya amsa.

A 1610 can ƙasar Italiya,
Ya saita madubin hange ya dubi samaniya,
Ga wata huɗu na bin duniyar Mushtari suna kewaya,
Zara na cika tana raguwa kamar mijinta, ba ƙarya,
Ya ce ashe rana na tsaye, mai zagayen ita ce duniya.

Ɗiyar Damagaram:
Yaya sannu, amma zancen ba shi ya fara ba,
Kofanikus na Folan ya fitar da littafi a 1543, bai ga rigimar ba,
A 1616 cocin Roma ta dakatar da littafin, ba ta ƙyale ba,
Suka ce a Baibul Joshuwa rana ya tsayar, bai ce wa ƙasa tsaya ba,
Kadinal Bellarmine ya ja kunnen Galileo, ya yi shiru bai saki ba.

Dattijon Zango:
Yarana a yi adalci, cocin na da masana taurari,
Kalandar 1582 su suka yi mata gyara da tsari,
Hujjar Galileo ta cika da janyewar teku ba ta da ƙwari,
Ga Fafaroma Urban amininsa ne tun fari,
Galileo ya sa zancen Fafaroman a bakin wawan cikin littafinsa, ya jawo wa kansa hatsari.

Mai Alƙalami:
Baba na ji, amma hujja ai da hujja ake kayarwa,
22 ga Yuni 1633, gaban kotun coci ɗan shekara 69 a kan gwiwa,
Takarda a hannu, abin da ya gani yana ƙaryatawa,
Ɗaurin talala a gidansa na Arcetri, idon ma ya yi ta dushewa,
Ya rasu 1642, sai 1992 wani Fafaroman kuskuren coci ke amsawa.

Ɗiyar Damagaram:
Baba, Yaya, ni fa ƴarsa ce ke sa ni ƙwalla, Maria Celeste, sista ce a cikin cocin nan dai da ya hukunta ubanta, an ɗora masa karanta surori bakwai na Zabura duk mako har shekara uku sai ta ce a bar mata ta ɗauke masa.

Tana gidan sistoci, uba na cikin zuciyarta,
Wasiƙa kan wasiƙa, ya jikinka, ga addu'arta,
Ba ta bar addini ba, ba ta yar da mahaifinta,
Ya dawo a Disamba, ya samu ya riƙa ziyarta,
Afrilun 1634, wata huɗu kacal, aka binne ta.