An Cire Shi Yana Kan Ganiyarsa

Yayan Lamba Tara: Jama'a ku taya ni ji. Jiya ban runtsa ba. Tun sha biyun dare nake riƙe da waya, na ƙona data son raina, don in kalli wasan ƙanena da yake karatu a wata jami'a a Amurka. Yaron nan ya zura ƙwallo a minti na 19, ya bayar aka ci ta biyu. Minti na 28 sai ga koci ya yafito shi, wai ya fito. An dawo daga hutun rabin lokaci ya mayar da shi, minti na 60 ya sake zaunar da shi a benci. Kafin ya tuna da shi a minti na 82, an farke duka biyun. Aka tashi biyu da biyu. Wanda aka sa a madadinsa ko taɓa ƙwallo sau uku bai yi ba. Wallahi wannan kocin zalunci yake yi, kuma shi ya zubar musu da wasan.

Baban Ilham: Allah ya huci zuciyarka. Amma tsaya, an cire shi kuma ya dawo? Har sau biyu? Wasan unguwa kenan.

Malam Na-Fagge: Ɗan'uwa, ka janye kalmar zalunci. Zalunci shi ne a hana mutum haƙƙinsa. Minti casa'in haƙƙin ƙanenka ne? Gado ya ci? Ka ce kuskure, ka ce rashin dabara, ba wanda zai tanka maka. Amma ka kira bawan Allah azzalumi a bayan idonsa, da bakinka za ka amsa ranar gobe.

Yayan Lamba Tara: Malam, da girmanka, nan zauren ƙwallo ne ba wajen tafsiri ba.

Malam Na-Fagge: Mala'iku masu rubutu ba sa tsayawa a ƙofar zauren ƙwallo.

Sarkin Benci: Ni ina bayan mai ƙorafi. Mutum ya yi gumi, ya ci, a ɗauke shi a ba wani gurbinsa, in ba zalunci ba mene ne? Ni aka yi wa haka shekara uku a kulob ɗin unguwarmu, saboda ɗan mai sayen riguna yana buga lambata.

Baban Ilham: Kai dai kowa ya san dalilin zamanka a benci, kada mu tona.

Na-Ohayo: Ku bari in yi bayani, shekarata tara a nan Amurka kuma ina zuwa kallon wasannin kwaleji. Ba dokar FIFA suke bi sak ba, hukumarsu NCAA tana da nata littafin. A wasan da kuka saba kallo, canji biyar ne, wanda aka fara a 2020 lokacin korona aka tabbatar da shi a 2022, kuma wanda ya fita ya fita kenan. A nan kuwa koci yana iya canza mutum goma in ya ga dama. Wanda aka cire a zagayen farko yana iya dawowa bayan hutu, a zagaye na biyu ma yana da damar sake shiga sau ɗaya. A rukuni na ɗaya na maza ne aka matse abin a 2024, aka ce sau shida kawai koci zai tsayar da wasa don canji. Agogonsu ma baya yake ƙirgawa, daga 45 zuwa sifili, kuma ana tsayar da shi in an ci ƙwallo. Dalilin yawan canjin shi ne kakar gajera ce. Daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba ake tattare wasannin, a yi na ƙarshe a Disamba, sau da yawa wasa biyu a mako, ga aji ga jarrabawa. Shi ya sa koci yake cewa ɗan gaba ya yi gudun fitar rai na minti 25, ya matsa wa 'yan baya, ya fito ya sha iska, wani ya karɓa. Hutar da shi aka yi, ba cire shi ba.

Yayan Lamba Tara: Hutar da shi? Ya ce muku ya gaji ne?

Na-Ohayo: Ka tambaye shi?

Yayan Lamba Tara: Ba sai na tambaya ba, ni na raine shi.

Maman Sadik: Ni abin da ban gane ba, ɗazu an ce jami'a, yanzu an ce kwaleji. In kwaleji ce irin ta horar da malamai, me ya kai shi har Amurka? Ga su nan birjik a gida.

Yayan Lamba Tara: Hajiya, jami'a ce. Digiri yake yi, da tallafin karatu ma. Kada a rage wa yaro daraja.

Na-Ohayo: A can duk ɗaya ne, Hajiya, kowace sukan ce mata kwaleji.

Malam Na-Fagge: To kun ji. Wanda aka ba karatu saboda ƙwallo, shi ake cewa an zalunta.

Sarkin Benci: Malam, don an ba ka tuwo ba a ce a mare ka da marar ba.

Ɗan Zongo: Ku 'yan Najeriya surutu ya yi muku yawa. Mu a Gana mun daɗe da sanin hanyar nan. Abu Danladi, haifaffen Takoradi, ta makarantar Right to Dream ya bi, ya buga wa jami'ar UCLA, a 2017 da ƙungiyoyin ƙwararru na Amurka suka zo zaɓen sababbin 'yan wasa shi aka fara ɗauka cikin duk 'yan kwaleji, Minnesota United ta ɗauke shi. Kafin shi da shekara ɗaya Joshua Yaro na Georgetown ya zo na biyu. A ƙarƙashin wannan dokar canjin suka taso, ba mu ji yayyensu suna kuka ba.

Baban Ilham: Danladi da Yaro? Ai daga jin sunan ka san namu ne. Aro muka ba ku.

Ɗan Zongo: Namu dai. Ko kun zata Hausa a Kano ta tsaya? Ka zo Nima ko Sabon Zongo ka ji.

Baban Ilham: Mun ji. Ku fara nemo kofin Afirka tukuna, rabonku da shi tun 1982.

Ɗan Zongo: Huɗu gare mu, uku gare ku. Ka iya lissafi?

Admin: A dawo kan magana don Allah.

Ɗan Madrid: Maganar ita ce canji ba laifi ba ne, sanin lokacinsa ne aiki. Van Gaal ya cire gola sukutum a minti na 120 a gasar kofin duniya ta 2014, ya sa Tim Krul, ya tare fenareti biyu na Kosta Rika. Wa ya ce an zalunci Cillessen? A wasan ƙarshe na shekarar Götze daga benci ya taso ya ci Ajantina. Mu kanmu zinaren Atlanta 96, Amunike daga benci Bonfrere ya sako shi ya ci ta uku.

Na-Ohayo: Kuma a filin jami'a aka buga wannan wasan, Sanford Stadium na Jami'ar Jojiya, a garin Athens.

Sarkin Benci: Duk misalanka na waɗanda aka SAKA ne. Mu muna maganar wanda aka CIRE yana cin ƙwallo. Kawo mana guda ɗaya.

Ɗan Madrid: Ai ba a saka wani sai an cire wani, ko goma sha biyu ake bugawa a unguwarku?

Maman Sadik: Ɗan Madrid da bakin maganar adalci? Ku da alƙalan wasa suke yi wa aiki.

Ɗan Madrid: Hajiya, kofi goma sha biyar ba alƙali ne ya ɗauko mana ba. Ki gaishe da Arsenal.

Malam Na-Fagge: Har yanzu ba a janye kalmar ba.

Yayan Lamba Tara: Ba zan janye ba, Malam. Kuma tunda an matsa, bari in faɗa. Wanda ake sakawa a madadinsa ɗan ƙasa ne, namu baƙo ne. Ku haɗa da kanku.

Na-Ohayo: A'a, nan kam ka yi nisa. Ƙungiyoyin kwaleji cike suke da baƙi. Jami'ar Marshall da ta ɗauki kofin kakar 2020, ta sake zuwa wasan ƙarshe a 2024 Vermont ta doke ta 2-1, ka duba jerin 'yan wasanta ka ga ƙasashe nawa ne a ciki. Kocin da aikinsa ya rataya a kan nasara ba zai ajiye mai ci masa ƙwallo don launin fasfo ba. Kuma ƙwallaye biyun da aka farke, ta ina suka shiga?

Yayan Lamba Tara: Ɗaya kwana ce, ɗaya kuma hoton ya tsaya, sai da ya dawo na ga 2-2.

Baban Ilham: Ashe ma ba ka ga ta biyun ba!

Yayan Lamba Tara: Na ga sakamakonta ai.

Sarkin Benci: Da yana ciki da tsoronsa ya hana 'yan bayansu hawowa kwanar. Wannan ko makaho ya sani.

Admin: To, dare ya yi, bari in taƙaita. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda koci ya yi kuskure, kamar yadda na daɗe ina faɗa cewa yawan canji yana kashe wasa, tun ranar da aka koma biyar ƙwallo ta lalace. Bayanin Na-Ohayo ma ya tabbatar da haka. Maganar zalunci an bar wa Malam. Maganar Danladi kuma an tabbatar namu ne. An rufe.

Na-Ohayo: Yallaɓai Admin, akasin haka na faɗa fa.

Ɗan Zongo: Wa ya tabbatar? A ina?

Yayan Lamba Tara: Ranar Asabar suna da wani wasan, ƙarfe ɗaya na rana agogonsu, shida na yamma namu. Mai data ya zo da biro da takarda, mu ƙirga mintocin tare.

Malam Na-Fagge: Shida na yamma ta yi kusa da magariba. Ku ƙirga, zan tarar da ku bayan salla, kuma ina nan a kan bakata.