Kafin intanet, wa ya koya muku sirrin Mario da Sonic?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka buga gem na kaset ce, zamanin Mario da Contra da Sonic. Lokacin babu waya a hannu, kuma yawancin wasannin ba sa ajiye inda ka tsaya: aka ɗauke wuta ko adafta ta yi zafi, sai dai ka koma farko. Amma duk yaran layinmu sun san cewa a Super Mario, mataki na 1-2, in ka haye saman bulon rufi ka yi ta gudu, za ka wuce bututun fita ka faɗa ɗaki mai bututu uku da ke kai mutum duniya ta 2, ta 3 ko ta 4. Ni yaron maƙwabtanmu ya nuna min, shi kuma yayansa ya nuna masa. Ku ta ina ya zo muku? Akwai wanda ya taɓa riƙe mujallar gem da hannunsa a wancan lokacin?

Bazazzagi:
Wa alaikumus salam. Ni na riƙe, guda ɗaya tak. A Samaru na same ta, wurin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa, tana tsakanin littattafan karatun likitanci. GamePro ce ta Amurka, bangon ya yage, kuma ta tsufa sosai kafin ta iso mu. Rabin wasannin da ke ciki ban taɓa ganin injinsu ba. Ban damu ba, shafukan baya nake nema, inda ake jera laƙanin wasanni. Na kwafe su kaf a bayan littafin lissafina, ita kuma mujallar na ɓoye ta ƙarƙashin katifa, domin na san in ta fita ba za ta dawo ba.

Na Contra kuwa a bakin wani ɗan ajinmu na ji: sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, B, A, sannan Start. Rai uku ya koma 30. Sai da na girma na san cewa ma'aikacin Konami ne, kamfanin da ya yi Contra, Kazuhisa Hashimoto, ya saka shi tun 1986 a wasan Gradius, saboda wasan ya yi masa wuya lokacin da yake gwada shi. Ya rasu a 2020. Mutumin bai san akwai yara a Zariya da suka haddace abinsa kafin su haddace sau bakwai ba.

'Yar Tudun Wada:
Ku maza ai kun ji daɗi, kuna da wanda zai faɗa muku. Mu babu mai zaunar da mu ya koya mana, ido muke sa wa yatsun Yaya. Hannu na biyu kullum nawa ne, kuma duk wanda ya buga Mario ya san ma'anar hakan: Luigi, ɗan'uwan Mario da hannu na biyu ke juyawa, ba ya motsi sai Mario ya mutu. Yaya kuwa ya iya, don haka sai in zauna da hannu a cinya ina addu'ar ya faɗa rami.

Da kallo na gano cewa in an yi Game Over yana riƙe A ya danna Start, sai wasan ya ci gaba daga farkon duniyar da ya mutu. Yana kare hannun da gefen rigarsa, amma na gani. Na harbin agwagwa kuma ni na gano da kaina: yana riƙe da bindiga, ni ina wasa da hannu don gajiya da zama, sai na lura agwagwar tana bin inda na danna. Na daɗe ina sa shi kuskure bai san dalili ba.

Da Sega ta zo gidanmu abin ya yi min sauƙi. A Sonic 2 hannu na biyu Tails ne, ba ya ƙarewa, ko ya mutu zai dawo yana shawagi da jelarsa. Bos da yawa, wato manyan abokan gaba na ƙarshen mataki, ni nake kashewa, Yaya yana gefe yana kare zobbansa, a waje kuma ya ce shi ya cinye.

Bazazzagi:
Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, duk mun yi wa ƙannenmu haka. A mataki na uku na Contra, wurin hawan ruwa, in ka yi saurin tsalle sama allon ya bar na ƙasa, ya mutu kenan. Wanda ransa ya ƙare kuma yana iya satar na abokinsa. An yi dambe a kan wannan.

Tsohon mai shagon gem:
Bari ku ji ta ɓangaren mai shago, don ni na riƙe ɗan shago da talabijin biyu da benci. Laƙanin Contra ɗin nan asara ya jawo min. Da farko kuɗi a kan Game Over nake karɓa, sai yaro ya zo da rai 30 ya zauna, layi na jira. Dole na koma karɓa da agogo.

Sannan ku tuna injinan da muka yi amfani da su yawanci ba na Nintendo na asali ba ne, kwaikwayon Famicom ne, injin Nintendo da ya fito a Japan a 1983. Kaset ɗinsu gajere ne mai fil 60, shi ya sa dogon kaset na Amurka mai fil 72 ba ya shiga. Wanda aka rubuta wa 9999 a ciki kuwa wasanni kaɗan ne ake ta maimaitawa, wannan ya fara daga mataki na gaba, wancan ya ba ka rai da yawa ko bindiga mai watsi tun farko. Yara da dama ba su buƙaci mujalla ba, masu haɗa kaset sun riga sun yi musu satar hanyar.

Ra'ayina dai, bututun nan ya lalata yara da yawa. Yaro zai bi ta 1-2 ya faɗa duniya ta 4, a 4-2 ya fito da itacen nan mai hawa sama ya tsallaka ta 8, ya iso da rai uku, bai taɓa ganin duniya ta 5 ko ta 6 ba. Mataki na 8-1 dogo ne, ramukansa ba sa yafiya, nan take zai ƙare. Wanda ya bi matakai 32 ɗin a jere, ya tara rai a matattakalar ƙarshen 3-1 da kunkuru, shi ke kaiwa fadar ƙarshe. Kuma don Allah, hura kaset da baki ba gyara ba ne, cirewa da mayarwar ce ke aiki, yawun tsatsa yake jawowa. Auduga da sifirit nake sa wa nawa.

Ɗan Fagge:
Baba, a yi mana afuwa, ni har yau in na ga kaset sai na hura.

Ɗan Maraɗi:
Mu a nan namu na Faransanci ne. Ɗan kawuna da ke karatu a Yamai yakan zo hutu da Player One ko Consoles +, mu kai lekol a ɓoye cikin jaka. Injin Sega kuwa daga Kano aka sayo min, talabijin ɗinmu kuma tsarin SECAM ce irin ta Faransa, Najeriya tana PAL, sai hoton ya fito babu kala. A mujalla kawai muke ganin Sonic shuɗi.

Wanda ban manta ba shi ne na Sonic 2. Ka shiga wurin gwada sauti ka kunna 19, 65, 09, 17, sai ka koma farko ka riƙe A ka danna Start, duk matakan su buɗe. Lambobin ranar haihuwar Yuji Naka ce, mai tsara wasan: 17 ga Satumba 1965. Na sayar da su ga yaran unguwa a kan alawa.

Ɗan Jos:
Ba wanda ya ambaci gangar Sonic 3? A Carnival Night, zagaye na biyu, akwai jar ganga mai juyawa da ta tare hanya. Mun yi tsalle a kanta har minti goman ya cika lokaci ya kashe mu, mun sa Tails ya taya mu, mun ce kaset ɗin ne jabu. Ashe ba tsalle ake yi ba, tsayawa za ka yi ka riƙa danna sama da ƙasa daidai da lilonta. Wani baƙo da ya zo hutu daga Legas ne ya nuna mana, bai ko zauna ba.

Amma kada a ɗauka duk abin da ke cikin mujallun gaskiya ne. Electronic Gaming Monthly ta Afrilun 1992 ta buga cewa akwai ɓoyayyen ɗan dambe a Street Fighter II mai suna Sheng Long, wai sai ka kai wurin M. Bison, abokin karawa na ƙarshe, ba a taɓa ka ba, sannan ku yi canjaras sau goma babu wanda ya bugi wani. Wasan ɗaya ga Afrilu ne, har da hoton da suka haɗa. Labarin ya iso mu shekaru bayan haka, babu mujallar, babu batun wasa, kuma akwai yaro a unguwarmu da ya rantse ya gan shi a gidan kawunsa.

'Yar Tudun Wada:
Kowace unguwa da mai gidan kawu. Namu cewa ya yi in ka cinye Mario sau da yawa a jere, gimbiyar za ta ba shi mota.

Tsohon mai shagon gem:
Wannan kam ƙarya ce, 'yata. In ka cinye, wasan yana sake farawa da wuya, ƙananan dodannin nan masu kama da naman kaza su koma ƙwaro masu ƙoƙon baya waɗanda wuta ba ta ci. Ɗan Jos, wane hannu kuke da shi lokacin gangar, mai maɓalli uku ko mai shida? Na taɓa samun yaran da suka karya min na ukun a kanta.