Tsohon kan jirgi na wasa: zai ɗauki dikoda mai sauti?

Kawu_Leeds: Salamu alaikum. Ina da kan jirgi Class 47, ma'aunin OO (wani girma na jiragen wasa), na kamfanin Hornby mai motar lantarki ta Ringfield, ba shi da soket na dikoda, wato 'yar na'urar da ke karɓar umarni tana sarrafa jirgin. Jikana ya nace sai ya ji kukan injin da hon. Za a iya mayar da shi DCC, wato tsarin sarrafa jirgi na dijital, ko asarar kuɗi ce?

Injiniya_Bala: Wa alaikumus salam, Kawu. Zai yiwu, amma sai da soda, wato liƙa wayoyi da narkakken ƙarfe. Wayoyin dikodar ja da baƙi su tafi ƙafafun da ke ɗauko wuta daga layin dogo, masu launin ruwan lemo da ruwan toka su tafi mota. Kafin komai, ku tabbata burushin motar, wato abin da ke shigar mata da wuta, ba ya haɗe da ƙarfen jikin, ku gwada da mitar gwajin wuta. In ya haɗe, nan take dikodar za ta ƙone. Adireshinta na farko, wato lambar da ake kiran jirgin da ita, 3 ne.

Hajiya_Hamburg: Kawu, a sa kafasita mai riƙe wuta na ɗan lokaci, in ba haka ba sautin zai riƙa yankewa a mararrabar layi. Lasifikar kuma a rufe bayanta ruf, ko ƙarar ta fito siririya.

Kawu_Leeds: Madalla. Ina zan cusa lasifikar, Hajiya?

Hajiya_Hamburg: Cikin tankin mai, ƙarƙashi.