Shawarwarin da muka tattara a Agege ta Legas kan rage ƙiba

Mu mata mun zauna bayan awon hawan jini a ƙaramin asibitin unguwa, baki ya zo ɗaya: rage ƙiba ke kaɗai da wuya. A haɗu duk mako, a hau sikeli tare, wadda gwiwarta ta yi sanyi a ƙarfafa ta, ban da gori.

Gishiri muka fi daɗewa a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, ga shi magi ma gishiri ne jingim. Daddawa da albasa su cike gurbi. Tattaki minti 150 a mako, da sassafe kafin hayaƙin motocin haya na danfo ya turnuƙe titi. A rage lemon kwalba.

Maganin hawan jini kuwa, 'yan'uwa, kada a ajiye sai likita ya ce.